Godiyar da Na'ura Ba Ta Karantawa

A cibiyar binciken ƙasa da ruwa, kowa Uwar Rijiyoyi yake ce mata. Ita ke riƙe da ma'ajiyar awon ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shekara da shekaru ma'aikata na zura igiyar awo a rijiyoyi, ita tana tace sakamakon tana adanawa. Ga ta da sakin hannu. Duk mai binciken da ya roƙa, sai ta tura masa kai tsaye, har da gaisuwar iyali.

Ran nan shugaban cibiya ya kira ta, ya juyo mata fuskar kwamfuta. Ashe akwai manhajar da ke bin mujallun kimiyya tana ƙirga masu ambaton kowace ma'ajiya ta lambar shaidarta. Ta masu duwatsu ta cika maƙil. Tata kuwa wayam.

"Abin da ba a amfani da shi rufewa za a yi," in ji shi. "A daina awon."

"Ba a amfani da shi? Ni da shayina ke hucewa kullum saboda masu roƙo?"

Ta koma ta buɗe maƙalun mutanen da ta taimaka wa. Ga awonta nan, an zana shi, an yi ado da shi. Amma a jerin madogara, inda manhajar ke dubawa, babu lambar ma'ajiyar. Sai can ƙasa, wurin godiya: "Muna gode wa wata baiwar Allah." Abin da ya fi ƙona mata rai, yawancin maƙalun na autan gidansu ne, ƙaninta da ta goya, yau ya zama farfesa.

Ta same shi a ofis yana ɓare lemo.

"Auta, ni ce baiwar Allah?"

"Haba Yaya, girmamawa ce. Lamba ai ba ta da rai. Ke na gode wa."

"Godiyarka ce za ta zura igiya a rijiya? Ladabinka zai rufe min ma'ajiya."

Ya sosa ƙeya. "Zan gyara nan gaba. Af, awon bana fa? Ɗalibaina na jira."

"Su jira. Ka rubuta wa mujallun nan su gyara na baya, sannan mu yi magana."

"Yaya, neman gyara a mujalla abin kunya ne."

"Na wanke maka abin da ya fi wannan kunya."

Ya rubuta, yana gunaguni. To amma mujalla ba ta san sauri ba. Kafin gyaran ya fito manhaja ta gani, an riga an daina awon rabin rijiyoyin. Aka bar mata ma'ajiyarta, da giɓin damina guda a tsakiya, giɓin da babu mai iya komawa baya ya cike shi.

Tun daga ranar, duk wanda ya rubuto yana cewa ya rasa bakin gode mata, amsa ɗaya take ba shi: "Riƙe bakinka, ɗana. Ga lambar."