Bukkar Japarkul

"Sagyn, hannu ne da kai ko kofato? Ta uku ke nan ka karya min!"

Na yar da karyayyar sandar na share gumi. Ni direban babbar mota ne, ban taɓa lanƙwasa itace ba sai da ciwo ya ci ƙarfin maƙwabcina Japarkul. Shekara arba'in yana sassaƙa wa mutane bukkokin gashi, shi kuwa yana zaune a gidan laka. Da girgizar ƙasa ta tsaga bangon gidan, ɗansa Ulan ya bugo waya daga birnin Bishkek ya yanke magana: sanyi na shigowa zai ɗauke uwarsa Burulcha, ya kai ta bene hawa na tara. Likita ya riga ya gaya musu tsohon ba zai ga sanyin ba.

"Hawa na tara!" in ji Japarkul. "Matar da ba ta iya barci sai ta ji warin tumaki."

"Warinka na saba da shi, tsoho," Burulcha ta amsa daga inda take tare da mata, suna zuba wa gashin tumaki ruwan zafi suna murzawa ya zama bargo.

Haka muka yi wata biyu muna haɗa sabuwar bukkar da Japarkul ya ce sai an yi masa. Yana zaune kan buzu da sandarsa, ni ina zaro itace daga tururi ina lanƙwasawa, ina shan faɗa. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi daɗi nake ji, don ranar da bai zage ni ba na san jikin ya tsananta.

Ran da za a kafa, muka buɗe ragar katakon bango muka ɗaure. Saura tunduk, zoben katakon nan na tsakiyar rufi, wanda maigida ke ɗagawa da doguwar sanda mai baki biyu. Na ce bari in ɗaga masa.

"Gidanka ne?"

Ya miƙe yana tangaɗi kamar sabon ɗan rago. Na kama sandar daga ƙasan hannunsa, nauyin duka a kaina, maza suka yi ta cusa sandunan rufi a ramukansu.

"Ka gani? Da saurana."

"Na gani, aksakal," na ce, kamar yadda muke kiran dattijo.

Ya sa aka rufa bargo ninki biyu. Sannan ya sa na ciro murhun ƙarfe daga tsohon gidan, na kafa a tsakiya, na fitar da bututun ta sama. Bayan kwana tara ya rasu da hantsi, shayinsa bai huce ba.

A wajenmu bukka ake kafa wa mamaci, ko ta aro ce, a kwantar da namiji a ɓangaren hagu, mata su yi kukansu a ciki. In an gama a kwance ta. Japarkul bai buƙaci aro ba. Don haka bayan sadakar bakwai Ulan ya tara maza, ya kama igiyar waje ya fara kwancewa, mota na jira a bakin hanya. 

Burulcha ta fito da buta a hannu.

"Me kake yi?"

"Apa, an gama makoki ai. Sai mu naɗe ta mu tafi."

"Ka tafi birni ka bar idonka a can? Shiga ka duba. Ka taɓa ganin bukkar makoki da murhu?"

Ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito ya tsaya ya mayar da ƙullin da ya kwance, ya ƙara masa wani, sannan ya tambaye ni wajen wa ake samun busasshen kashin tumaki na hura wuta.

Dusar ƙanƙara ta sauko ran Talata. Na kai wa Burulcha madara da safe, ta zuba min shayi, na zauna ina kallon rufi. Can saman ƙofa ga wata sanda karkatacciya, aikin hannuna na farko, wadda Japarkul ya rantse a wuta za ta ƙare. Murhu na ci, hayaƙi na bin bututu yana fita.