Ƙashin Ƙugu a Wuyan Direba

Shekara da shekaru Baba Direba yana jan motar makarantar firamare, bai taɓa goge ko bangon wani ba. Da ciwon wuya ya soma damunsa, sai ya ɗora wa matashin kai laifi. Matarsa ta yi maganar asibiti har bakinta ya gaji, shi kuwa ya shafa man zafi ya ce wa zai kwashi yara in ya kwanta.

Ran da kofin shayi ya suɓuce masa don yatsunsa sun mutu, matar tasa ce ta kai shi asibiti da kanta. Hoto ya nuna ƙari ne ya ci ƙashin wuyan. Likitar ta yi masa bayani a hankali: za su cire ƙarin da gaɓoɓin da ya lalata, su yanko ƙashi daga ƙugunsa su cike gurbin, su ɗaure da ƙarfe har ya haɗe. Ya tambaya ko da ya zo da wuri da abin bai kai haka ba.

"Da gaɓa ɗaya za mu taɓa, Baba," ta ce. "Yanzu uku ne."

Aiki ya yi kyau. Ƙanin matarsa ya zo dubiya yana tsokanarsa, wai ƙugu ya samu ƙarin girma, ya koma saman bene. Ya so ya yi dariya, robar da ta riƙe wuyan ta hana shi.

Bayan watanni ƙashin ya kama, yatsun suka dawo, amma wuyan ya ƙi juyawa. Wanda ya kira shi ta gefe, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Duk da haka ya koma harabar makarantar, ya hau kujerarsa da ta lotsa daidai zamansa, ya tayar da mota, ya sa giyar baya. Ya nemi waiwayawa yadda ya saba, don yara kan ɓuya bayan taya. Ina! Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya kashe injin, ya kai wa shugabar makaranta makulli.

A gida matarsa ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko da ya fi son ta faɗa ya huta. Ta ja kujerarta daga gefensa ta dawo da ita gabansa, ta ci gaba da tsintar shinkafa.