Abin da Kwali Bai Rufe Ba

Malama Hafsat ta ɗaga kwalin ta rufe fuskar talabijin, 'yan mata sama da ɗari suka yi gunaguni a ɗakin cin abinci. Ta ƙirga ashirin a zuciyarta, ta leƙa ta gefe, ta ga Baturen ya saki Baturiyar, sannan ta sauke.

Aikinta ke nan duk Asabar ɗin ƙarshen wata a makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan garin Birnin Kudu. Ita ke tace fim kafin a nuna. Hajiya Turai, shugabar makarantar, ta lissafa mata abin da za ta nema tun shekarar da aka fara: sumba, runguma, gajeren wando, kwalbar giya. Fim ɗin wannan watan na dodanni ne, manyan ƙadangarun nan da littafin kimiyya ya ce sun ƙare tun kafin ɗan Adam, ga shi an tayar da su a wani tsibiri suna farautar mutane. A wajen masu tura finafinai a bakin tasha ta karɓo shi, mai fassarar Hausa. Ranar Alhamis ta duba shi a wayarta tana gyaran alayyafo, tana jan yatsa, ba ta tsayawa sai inda ta ga mace. Wuri uku ta rubuta a takarda. Sauran a ganinta gudu ne da ihu, kuma ba ta taɓa jin wanda ya ce gudu da ihu suna ɓata tarbiyya ba.

Bayan sumbar da kamar minti goma, wata mota ta maƙale a tsakiyar rafi, uba da 'yarsa a ciki. Ya ɗora yarinyar a kan dutse, yana ƙoƙarin hawowa, dodo ya taso daga ruwa ya cafke ƙafarsa. Yarinyar ta riƙe hannunsa da hannu biyu. An daɗe ana nuna yatsun, suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai fassara ya siranta murya ya ce, "Sakar masa mana, 'yar nan, bawan Allah bai karya ba tun safe." Ɗakin ya ɗauki dariya. Malama Hafsat ma ta murmusa, kwalinta a hammata.

Lailatu ta ajin ƙarshe ce ta fara wani irin nishi a benci na huɗu. Ta damƙi hannun ta kusa da ita har sai da yarinyar ta yi ƙara. Idonta a buɗe, ba ta ganin kowa, tana maimaita cewa ba ta sake ba, wallahi ba ta sake ba. Wata ta ce aljanu sun tashi. Kafin a kashe janareto rabin ɗakin ya watse, takalma a ko'ina.

Makarantar tana da tsari kan aljanu, ya ma fi tsarinta na zazzaɓi kyau. Aka kira malamin addini, ya yi karatu a kunnenta, ya tambayi aljanin sunansa sau uku. Da bai amsa ba, aka gane mai taurin kai ne. Wadda abin ya taɓa gida ake kai ta a ranar, don an ce yana tsallakawa zuwa ga wasu. Ta yi sati biyu ana mata magani ta dawo. Saura sati biyar a fara jarrabawar fita, kuma Lailatu ba ta taɓa sauka daga na uku a ajinsu ba.

Malama Hafsat ce ta zauna da ita a ɗakin shan magani, ana haɗa mata kaya. A nan yarinyar ta faɗa mata, da murya irin ta mai karanta darasi. Daminar shekara biyu da suka wuce, suna dawowa daga kasuwar Gwaram ita da mahaifinta, suka tarar rafin ƙauyensu ya kawo. Ya tsallakar da ita ya ɗora ta a gaɓa, ruwa ya kwashe ƙafarsa. Ta riƙe shi iya ƙarfinta. Sai bayan kwana uku aka same shi. A gida an ce ta yi haƙuri, an ce hawaye yana ƙona mamaci, daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

"Ba dodon ba ne, Malama," ta ce. "Na san ƙarya ne. Dariyar ce."

Malama Hafsat ta tafi ofis ta zayyana wa Hajiya Turai komai, har da yadda ta duba fim ɗin da yatsa. Hajiya ta tambaye ta ko an ga wani abin fitsara a allon. Ta ce ba a gani ba. Hajiya ta ce to ta yi aikinta.

"Ki kai ta gida, ki ce aljanu ne, ki juyo. Na riga ki shiga aikin nan da shekara ashirin, Hafsat."

Malama Hafsat ta fito tana tafasa. A ganinta tsohuwar kujerarta take karewa, tunda aljani ba ya rubuta takardar ƙorafi. Duk tsawon hanyar Gwaram, a matse a bayan motar haya, Lailatu na jingine da kafaɗarta, tana shirya yadda za ta wanke yarinyar daga sunan mai aljanu, ta ɗauki laifinta da kanta.

Daga Gwaram suka hau acaɓa zuwa ƙauyen. Malam Maikano, yayan mahaifin Lailatu, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa, ya karɓe su a zaure. Aka shigar da yarinyar ciki, aka kawo wa baƙuwa fura. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce labari ya riga su isowa ta waya, kada Malama ta damu, wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai wani malami a Surko da ya san kan aikin. Sati biyu in sha Allahu zai mayar da ita da kansa, don ya san jarrabawa ta matso, kuma marigayi ya ƙwallafa rai a kan karatun nan.

A nan ya kamata ta yi godiya ta nemi takalmanta. Amma tana da digiri kuma tana da gaskiya, sai ta ajiye ludayi ta faɗa masa. Ta faɗi motar, da rafin, da yatsun, da dariyar. Ta ce yarinyar ba ta da aljani ko ɗaya, baƙin ciki ne da ba a bar ta ta fitar ba, kuma laifin nata ne ita Hafsat, da ba ta kalli fim ɗin duka ba.

Ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba.

"Fim kika ce, Malama? A cikin makarantar?"

Ta ce sau ɗaya ne a wata, kuma ana tacewa. Ta yi masa bayanin kwalin.

"Wato akwai abin rufewa a ciki," ya ce.

Ya mayar da idonsa kan tabarma. Sannan ya ce aljani ƙaddara ce, ba wanda ke gayyato shi, kuma yana da magani. Wannan kuwa zaunar da yara aka yi a jere aka kunna musu. Ƙaninsa ya bar masa amana, ba zai mayar da ita inda ake nuna wa marayu yadda ake cinye uba ana dariya ba. Ya ce ya gode da ba ta ɓoye masa ba, Allah ya saka mata. Ya roƙi a aiko da akwatin Lailatu da katifarta ranar kasuwa.

Ta yi maganar jarrabawa, ta yi maganar na uku a aji, ta ce za a daina nuna fim ɗin baki ɗaya. Ya ce Allah ya sa hakan ya amfani na baya.

Kulu, mahaifiyar Lailatu, ce ta rako ta har bakin hanya. Duk ta ji daga bayan ƙofa. Da suka hango mai acaɓa yana tahowa, sai ta gyara mayafinta.

"Ni na haife ta, Malama. Tun da aka bugo waya na san ba aljanu ba ne." Ta ɗaga wa mai acaɓan hannu ya tsaya. "Da kin bar mana su, da ta koma."