Katin da Baduku Ya Ɗinke

Baduku ya ɗaga katin saitin taga, ya juya gaba ya juya baya, baki har kunne. Rubutun bai karantu ba, don idonsa ya dushe tun bara.

"Ke, zo ki ga abin da Auta ya aiko!"

Matarsa ta fito tana goge hannu. Autan nasu shekararsa bakwai a ƙasar waje, ko leƙowa bai taɓa yi ba. Jiya ya bugo waya ya ce katin banki ne, ana karɓarsa gida da waje, duk shagon da ya manna tambarinsa a ƙofa. Baba ya je a yanka masa tabarau, ya daina soke yatsa da allura.

"To Malam, a dai adana," in ji ta. "Na san ka da yar da mukulli."

Maganar nan ce ta jawo komai. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinkin fata, shi za a koya wa adani? Ya yanko jar fata mai laushi ya yi wa katin gida, ya sa basilla ya huda shi wuri huɗu, ya ɗinke tsaf ya rataya a wuya. Ranar duk wanda ya kawo gyara sai ya ga kati kafin ya ga takalminsa.

*

Washegari suka je shagon tabarau, ga tambarin kuwa a ƙofa. Mai shagon ta gwada masa gilashi, a na uku ya kwashe da dariya.

"'Yata, har ƙudan da ke kan allon gwajin na gani!" Ya waiwayi matarsa. "Ashe haka kika tsufa?"

"Kai fa? Ga madubi can."

Da aka zo biya, ya warware ɗinkin yana taƙama. Mai shagon ta duba katin.

"Baba, wa ya huda wannan?"

"Ni mana. Kin ga aiki?"

"Aiki kam ya yi kyau. Sai dai basillar ta bi ta kan ɗan ƙarfen da na'ura ke karantawa."

Sau uku tana gwadawa, na'ura ta ƙi. Matarsa ta kira masa Auta, yaron ya sha dariya.

"Haba Baba. Zan aiko wani nan da wata biyu. Ina wurin aiki yanzu."

"To, kai ɗin yaushe za ka..."

Layin ya riga ya katse. Abin ya yi wa Baduku ciwo, amma bai nuna ba.

"Kafin in cire musu tabarau ɗinsu," ya ce wa matarsa, "nuna min hoton jikar nan tawa, 'yar Auta."

Ta buɗe masa a waya. Ya matso da fuska, murmushi ya dawo.

"Ja'ira, kunnuwana ta kwaso."

Ya daɗe yana kallonta, babu wanda ya hanzarta shi. Sannan ya zare tabarau ɗin, ya ninke a hankali, ya ajiye a kan kantar shagon.