Gawon Gidan Hashim

Ni dai da na sani da ban kunna rediyon nan a gaban Inna ba. Labarin wani ƙauye na Falasɗinu ake bayarwa, wanda aka kori mutanensa tun zamanin kakanni, amma har yau jikoki na zuwa suna nuna inda ɗakin kowa yake. Inna ta ajiye tsintsiya, ta ce gobe in kai ta Gidan Hashim.

Gidan Hashim fa kufai ne. Can bayan Tchaké yake, garinmu na asali, wanda ya watse shekarar yunwa tun ban zo duniya ba. A can Inna ta bar yayata Zalika, da ƙyanda ta kashe tana goye. Na ce moto ba isansi, wato babur ba mai, na ce rairayin hanya, na ce ciwon bayanta. Ko a jikinta. Ta ce kabarin ba ya ɓata, gindin gawo yake, kuma gawo ɗaya tal ne a garin.

Muka sha hanya, wallahi har kafaɗuna suka mutu. Da muka isa ba bango, ba rijiya, sai gonar hatsi iya ganinka, ga gawo ko'ina, manya da ƙanana. Mai gonar, wani Sidi, ya taso da hauya a kafaɗa. Ya ce tsohon gawon ya daɗe da faɗuwa, an ƙone shi. Waɗannan kuwa sassaben zamani ne: yanzu in itace ya tsiro a gona ba a sare shi, gyara shi ake a bar shi ya girma. Har da alfahari yake faɗi, bawan Allah.

Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa wannan, ta juya gabas, ta girgiza kai, ta wuce. Ina biye da ita da buta, raina a ɓace, ga tausayi ya cika ni. Da la'asar ƙafa ta ƙi, ta zauna cikin kunyar hatsi.

Na durƙusa na ce ta yi addu'arta a nan, ai Allah ya san inda Zalika take.

"Addu'a kullum ina yi daga gida," in ji ta. "Kai na so in nuna wa, Yusha'u. In na tafi ba sauran wanda ya san an taɓa haihuwarta."