Dayod Uku a Cikin Ashirin

Shekara talatin Malam Dikko yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Tudun Wada, a rumfa ɗaya, kan tebur ɗaya. Abin da aka san shi da shi, ba ya yarda da rubutun da ke jikin kaya. Duk abin da zai sa a rediyon mutum, komai ƙanƙantarsa, sai ya ɗora shi a mita ya ga inda allura ta tsaya. Saboda haka har daga Doguwa ake kawo masa gyara, Fulani ma daga ruga suke ɗauko rediyonsu a naɗe cikin zane. Akwai wani mai gyara a Ƙafin Maiyaki, Umaru. Dikko ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce mai canje-canje, don a ganinsa canza kaya kawai yake yi ba gwaji.

A shekarar tamanin da takwas yanar ido ta fara rufe masa idanu. Da farko na hagu, sannan na dama. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Barakatu. Manyan gyare-gyare hannunsa ya haddace su. Allurar mita ce ta ɓace masa. Sai ya riƙa ɗora kaya, ya sunkuya, ya gyaɗa kai kamar ya gani. Ya san ranar da aka gane, ranar sunansa ya ƙare.

Wata Talata bayan la'asar Abdussalami ya zo rumfar. Malamin firamare ne, magidanci, yana kaɗa jita a wajen biki da taron makaranta. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa takarda da ambulan. Ya ce wani akwati yake so a haɗa masa, ƙarami, wanda ake takawa da ƙafa tsakanin jita da lasifika, sai sautin ya yi kauri ya yi gurnani mai taushi. Wani abokinsa ne ya zana masa yadda ake haɗawa. Kayan duk ya samo, amma abokin ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: dayod biyu da za a sa, lalle su zama na jamaniyam. A Sabon Gari ya sayo guda ashirin, an rubuta hakan a jikin ambulan.

Dikko ya san abin. Dayod ɗan ƙaramin gilashi ne kamar ƙwayar shinkafa, da waya a kowane gefe. Iri biyu ne, na jamaniyam na dā da na silikon na yanzu, kuma a ido kusan ɗaya suke. Masu sayarwa kan zuba sabon a ambulan ɗin tsohon. Mita ce ke raba su.

"Ai shi ya sa na kawo wurinka, Baba," in ji Abdussalami. "An ce kai ba a yi maka wannan."

Dikko ya ɗauki biyu ya ɗora a mita, ya sunkuya. Fari kawai yake gani. Ya ce masu kyau ne.

Kwana huɗu yana haɗa akwatin. Zanen ya sa Abdussalami ya karanta masa tun ranar farko, ya ce shi ba ya bin rubutun 'yan boko. Ranar Asabar malamin ya ɗauka ya tafi. Ranar Lahadi ya dawo da jitarsa da lasifika, ya jona a batir, ya taka, ya kaɗa. Sautin ya fito kamar ana yaga kwano. Mai tsire na kusa ya leƙo ya tambaya ko akuya ake yankawa.

Abdussalami bai ɗaga murya ba. Ya ce yana ganin kamar dayod ɗin ne. Dikko ya ce zanen ne ba daidai ba, ko kuma hannun mai kaɗawa. Malamin ya sunkuyar da kai. Can ya ce zai bar akwatin, a ƙara dubawa in an sami hali.

A gida Dikko bai ci tuwon dare ba. Barakatu ta tambaye shi, ya ce ciki ne. Washegari da safe ya tuna da wani abu da ya koya tun yana saurayi a Kano, rediyon da ba ta cin batir. Waya ce a naɗe jikin gora, da doguwar waya a sama, da abin sa wa kunne, da dayod ɗaya. In na jamaniyam ne, za ta yi magana. In na silikon ne, shiru. Wannan aikin kunne ne, kunnensa kuwa lafiya lau.

Ya naɗa wayar da lalube. Ya jefa doguwar a kan darbejiyar tsakar gida, ya soka wata a jiƙaƙƙiyar ƙasa wajen randa. Ya zauna a kan tabarma da kwano biyu. Ya maƙala dayod na farko a jikin gorar, shiru. Na biyu, shiru. Ya cire biyun da ya sa a akwati, su ma shiru. A na tara sai ya ji murya can nesa, siririya, gidan rediyon Kaduna ana gaishe-gaishe. Ya daɗe yana sauraro kafin ya cire shi ya sa a kwanon dama. Da ya gama, kwanon hagu sha bakwai, na dama uku.

Biyu ake bukata. Yana da uku.

Ya tafi rumfa, ya hura gawayi, ya sa ƙarfen liƙi a wuta. Jamaniyam ba ya son zafi. Mai ido taɓawa ɗaya yake yi, dalma ta kama, ya ɗauke. Dikko ya ɗora ƙarfen, bai sami ƙafar wayar ba, ya matsa, ya sake matsawa. Dalma ta kama, amma yatsansa ya ji gilashin ya yi zafi. Bai yarda da aikin ba. Ya cire, ya koma gida ya maƙala shi a gora. Shiru.

Ya dawo ya gwada na biyu. Wannan karon ya riƙe wayar da filaya don ta sha zafin. Filayar ta zame, bai gani ba. Ya sake komawa gida a ƙafa cikin rana. Shiru.

Na ukun ya naɗe shi a takardar siminti ya sa a aljihun gaba. Bai sake hura wuta ba.

Ranar Laraba Abdussalami ya zo. Dikko bai bari ya gama gaisuwa ba. Ya ajiye masa akwatin da ƙullin takardar, ya gaya masa an cuce shi a Sabon Gari, uku ne kawai na gaske a cikin ashirin, zanen kuma daidai yake. Malamin ya tambaya ina sauran biyun.

"Na ƙone su."

"Kai, Baba?"

"Ba na gani. Ranar da ka zo ma ban ga allurar ba. Ƙarya na yi maka."

Abdussalami ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ai ba komai, zai sayo wasu, a Kano ma ana yin aikin ido, kuma maganar nan ba za ta wuce tsakaninsu ba. Dikko ya ce bai roƙe shi ya rufa masa asiri ba. Ya ce masa ya kai aikin Ƙafin Maiyaki wurin Umaru, ya gaya wa Umarun kada ya yarda da ambulan, kuma kada ƙarfe ya daɗe a kan waya. In Umaru ya tambayi dalili, a faɗa masa.

Malamin ya ɗauki kayansa, ya yi godiya, ya tafi a hankali.

Ranar kasuwa Dikko ya zo rumfa kamar kullum, ya shimfiɗa buzu ya zauna. Teburin babu komai a kai. Wajen hantsi wani Bafulatani, Buba, wanda ya shekara goma yana kawo masa gyara, ya kwance zane ya fito da rediyo, ya ce ta daina kama tasha tun da ruwa ya taɓa ta. Dikko ya karɓa, ya shafa bayanta, ya murɗa, ya kara a kunne. Ya san ciwon. Aikin rabin sa'a ne.

Ya mayar masa da ita, ya ce ya bi motar Ƙafin Maiyaki. Buba ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya, ya ce shi ba ya kai rediyonsa wurin kowa. Ya tsuguna yana jira. Dikko bai sake karɓar rediyon ba. Da Buba ya gaji, ya naɗe rediyonsa, ya yi sallama, ya nufi tashar mota.