Ranar Da Glenys Ta Yi Ribas

A sansanin Rafin Maloney babu talabijin, waya ma ba ta kamawa sai ka hau tudu har bakin ƙofar gona. Abin kallonmu ɗaya ne: sabon zuwa yana ribas da tirelar kwana. Da an ji mota tana gangarowa sai ka ga kowa ya juya kujerarsa, maza su fasa gwangwanin giya, mata su sake ɗora shayi, a zuba ido. Miji a sitiyari, matarsa a baya tana ɗaga hannu, kafin ka ce kwabo an tono faɗan da aka binne tun ranar aure. Ba mai sa baki sai abin ya ci tura. In ka saka ta tashi ɗaya, a ɗaga maka gwangwani. In ka kasa, kai ne abin hira a bakin wuta har wani hutun Ista ya zagayo.

Ni Raelene ba na ɓoyewa, a sahun gaba nake ajiye kujerata. Wasan da na fi so kuwa na gidanmu ne, na yayata Glenys da mijinta Merv.

Merv tsohon direban motar katako ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauko da gungume daga waɗannan tuddai. A ganinsa duk duniya ba wanda ya iya ribas sai shi, sauran mutane lalube suke yi. Tirelarsu tsohuwa ce mai launin ƙwai, Gimbiya yake kiranta. Wurinsu kuma ba ya canzawa: can ƙarshen sansani, a wani ɗan lungu mai gangara tsakanin manyan bishiyoyin turare biyu, da wata ta uku a baya dab da rafi. Sauran mutane gudun wurin suke yi saboda ƙuncinsa. Abin da ya sa Merv yake sonsa ke nan.

Kowace shekara Glenys za ta sauka ta tsaya a baya da jan tawul ɗin goge kwanuka, don ya ce ba ya ganin hannunta a madubi. Ta kaɗa dama, ya yi hagu. Ta kaɗa hagu, ya leƙo ta taga ya ce, "Ke ƙuda kike kora ko hanya kike nuna min?" Wata shekara ta yi ta ihu, "Tsaya! Merv, tsaya!" Shi kuwa ko a jikinsa, sai da muka ji ƙum. Har yau lotsawar tana nan a bayan Gimbiya, tabon yana nan a jikin bishiya. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma da ya sauko ya duba, cewa ya yi bishiyar ce ta ƙara kauri tun bara.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a hunturun da ya wuce. Ya tashi, amma hannun dama ya tafi, ƙafa sai da sanda, baki kuma ya ɗaure. Mutumin da ba ya bari wani ya ƙarasa zance ya koma "a'a" da "shayi" kawai, su ma da ƙyar. Wuni yake yi a bakin taga yana kallon Gimbiya a lulluɓe da tamfol. Na sha shiga in tsokane shi kamar da, in ce, "Mijin yaya, yau ma ba ka yi aski ba?" Ko harara ba na samu. Wallahi na fi son zaginsa da wannan shirun.

Ɗansu Dion yana aikin ma'adinai can yamma, sai a yi wata da watanni ba a gan shi ba. Da ya zo hutu ya ce a sayar da tirelar, har ya samo mai saye.

"Mama, ki duba lamarin nan da kyau. Ni ba kullum nake nan ba. Wa zai ja ta? Wa zai saka ta a wancan ramin? Ajiye ta nan ƙara wa Baba baƙin ciki ne kawai."

Glenys ta ce, "Ni zan ja ta."

Ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na so in kwaɗa masa cokalin da ke hannuna.

"To shi ke nan," in ji shi. "Mu je Ista tare. In kin saka ta a wurinku da hannunki, ba wanda ya taɓa miki sitiyari, na janye. In ba haka ba, ranar Talata mutumin zai zo ya ɗauka."

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muka dinga zuwa filin ƙwallo da sassafe, ni da ita, muna jera bokitai a matsayin bishiyoyi. Glenys ta murƙushe bokitin wanki, ta murƙushe na shara, ta murƙushe wanda na aro a maƙwabta. A hankali ta fara ganewa. Amma filin ƙwallo shimfiɗaɗɗe ne, kuma bokiti ba ya kallon mutum.

Ranar Juma'a da la'asar muka gangaro Rafin Maloney, Glenys a sitiyari, Merv a gefenta, ni da Dion a baya. Sansani ya cika maƙil, hayaƙi yana tashi ta ko'ina. Na ga kujeru suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar na san yadda abin yake ga wanda ake kallo, kuma bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Na sauka na tsaya a baya. Glenys ta sa ribas. Gimbiya ta taho lafiya lau, sai da ta iso gangara ta karkace ta nufi tantin wasu. Na yi ihu, "Dama! Dama!"

"Damar wa? Tawa ko taki?"

"Dama dai, Yaya! Dama nawa ce a duniya?"

Ta fita ta sake. Wannan karon tirelar ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar ƙofar mota. Ta sake fita, ta sake dawowa, tayar ta hau saiwa, kwanuka suka zube a ciki, kowa ya ji. Wani kukabura, tsuntsun nan mai kuka kamar dariyar mutum, a saman bishiya ya zaɓi wannan lokacin ya ɓarke da dariyarsa, wasu yara suka taya shi. Na ga wuyan Glenys ya yi ja, gumi yana bin kunnenta duk da sanyin da ake yi.

Sai ga Kelvin ya taso. Kowane sansani yana da irinsa: tumbi a gaba, gajeren wando, shawara kyauta. Ya dafa tagar motar kamar tasa.

"Glenys, 'yar'uwa, kin yi ƙoƙari. Sauko ki sha shayi, yanzu in jefa miki ita."

Na ce, "Kelvin, ba kai ne ka jefa taka cikin ramin shara bara waccan ba? Koma kujerarka kafin giyarka ta huce."

Aka yi dariya, amma bai ɗaga ba. Dion ma ya matso, muryarsa a sanyaye. "Mama, ya isa haka. Ba abin kunya ba ne. Ba ni makullin."

Glenys ta kashe mota. Ta zuba wa sitiyari ido. Na san yayata, na san ba kunyar mutane ce ta dame ta ba. In ta miƙa makullin nan, Merv ya yi zuwansa na ƙarshe Rafin Maloney ke nan, ya koma bakin taga, tagar ma babu abin kallo. Na ga ta kai hannu ta zare makullin.

Sai muka ji ƙofar ɗaya gefen ta buɗe.

Merv ne. Ya fito da sandarsa tukuna, sannan ƙafa mai lafiya, sannan ya jawo ɗayar. Dion ya zabura zai riƙe shi, ya ce masa, "A'a." Ya sunkuya cikin motar ya laluba aljihun ƙofa, ya zaro wani abu ya rataya a kafaɗa. Jan tawul ne, ya koɗe ya zama ruwan hoda, yana nan inda Glenys take cusa shi shekara da shekaru.

Ya kama hanya zuwa baya. Tafiyar ba ta fi tsawon mota da tirela ba, amma ta ɗauke shi lokaci, yana jan ƙafa cikin busassun ganye. Sansani ya yi tsit, har rafi ake ji. Da ya iso inda nake ya ture ni da sandar, ya harare ni. Ban taɓa jin daɗin harara irin na ranar ba.

Na ce, "To sannu, sarkin direbobi. Ga fili ga mai doki."

Ya jingina da bishiyar gefe, daidai inda Glenys take tsayawa, inda madubin direba yake kama mutum. Ya jingine sandar a cinyarsa, ya ɗaga tawul da hannun hagu.

Glenys ta hango shi a madubi. Sannan ta ce, "Kelvin, ɗauke hannunka daga motata." Ta mayar da makulli ta tayar.

Ta ja gaba sosai, yana kaɗa mata ta ƙara, ta ƙara, har sai da mota da tirela suka miƙe sak. Ya sauke tawul ƙasa a hankali, ta fara tahowa. Ya ɗan kaɗa gefe, ta ɗan murɗa. Ya tsayar, ta tsayar. Duk alamun nan nata ne, ita ta ƙirƙire su, shi kuma ya yi shekaru yana cewa shirme ne. Ashe yana gani sarai, ya haddace su tsaf, taurin kai ne kawai. Da aka zo gangara Gimbiya ta so ta sake halinta, ya karkaɗa tawul da sauri, Glenys ta tare ta tun kafin ta karkace. Tayar ta wuce saiwa kamar ba ta nan. Gindin tirela ya shiga tsakanin bishiyoyi biyu, ko ganye bai taɓa ba.

Na ji wata mata a bayana tana cewa, "Je ki, je ki, je ki," kamar mai addu'a.

Saura bishiyar baya, mai tabo. Daga inda Glenys take ba ta ganinta sam. Tirela tana matsowa, tana matsowa. Merv ya ɗaga tawul sama zai ba da alamar tsayawa, sai sandar ta zame, ya kai hannu ya cafke bishiya don kada ya faɗi, tawul ya suɓuce ƙasa. Gimbiya kuwa tana ta tahowa. Na buɗe baki, amma ya riga ni.

"Tsaya!"

Da muryarsa ta da, wadda take tsallake rafi ta dawo. Glenys ta taka birki nan take. Na leƙa: tsakanin lotsawar da tabon bai fi faɗin tafin hannu ba.

Sansani ya kaure. Gwangwanaye suka tashi sama, ana tafi, ana fito, wani yana buga murfin tukunya da cokali, wani ya danna hon. Ni ban san sanda na fara tsalle ba, da gwiwar nan tawa da likita ya hana ni hawa bene. Kelvin yana ta gaya wa na kusa da shi wai dama abin da zai ce mata ke nan.

Glenys ta ja birkin hannu ta sauko. Ba ta kalli kowa ba. Ta zagaya baya ta duba tazarar, ta ɗauki tawul ta kaɗe, ta ɗauki sandar ta sa wa mijinta a hannu. Sannan ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Ka ga yadda ake yi, tsoho? In an ce maka tsaya, sai ka tsaya."

Rabin bakin Merv ya motsa. Kafaɗarsa ta fara girgiza, wata irin ƙara ta fito daga ƙirjinsa, sai da na ɗan tsorata kafin na gane dariya yake yi. Tun hunturu ba a ji ta ba. Glenys ta kifa goshinta a kafaɗarsa, tana dariya tana hawaye, ta goge fuskarta da tawul ɗin, ta goge tasa. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Dion ya fito da kujerar ubansa ya kafa ta a inda take zama, fuskarta ga rafi. Merv ya nuna masa da sanda cewa ba haka ba. Sai da ya juya ta tana kallon hanyar shigowa, don an fara jin wata motar tana gangarowa da tirela. Na jawo tawa kujerar na ajiye kusa da shi.

Dion ya tsaya yana juya waya a hannu, idonsa ja. "Mama, zan kira mutumin nan in ce masa an fasa."

Glenys ta jefa makulli cikin aljihun rigarta. "Waya ba ta kamawa a nan, sai ka hau tudu."

"To ba ni motar in je."

"Motar tawa? Taka da ƙafarka, ɗana. Ni da babanka muna da kallo."